Wata bakwai ina bin Talmud a manhajar Sefaria

Ni ba Bayahude ba ne, kuma Ibranancina bai wuce haɗa baƙi ba. Wani faifan bidiyo ne ya kai ni ga Sefaria: filin wasa na MetLife a jihar New Jersey ta Amurka, ranar 1 ga Janairun 2020, mutum wajen 90,000 cikin tsananin sanyi suna bikin saukar Talmud, babban kundin muhawarar malaman Yahudawa kan shari'ar addininsu. Warƙa ɗaya kullum, gaba da baya, har warƙa 2,711, wato shekara bakwai da wata biyar. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ranar 5 ga wannan Janairun suka koma warƙar farko, kamar ba su taɓa ganinta ba. Na ce sai na ga abin da ke cikin littafin nan.

Tsarin sunansa Daf Yomi. Rabbi Meir Shapiro ne ya kawo shawararsa a wani babban taro a Biyana, babban birnin Ostiriya, cikin 1923, da nufin Bayahude ya bar garinsu ya sauka ko'ina a duniya ya tarar ana kan warƙar da ya baro. Sefaria kuwa ɗakin karatu ne na intanet, Brett Lockspeiser da Joshua Foer suka assasa shi a 2011, kuma ko sisi ba a biya. Ana shiga ta kwamfuta ko a sauke manhajar a waya.

Da ka buɗe jadawalin ranar za ka ga karatun da ake kai: kason Attaura na makon, warƙar Talmud ta yau, da wasu darussan na kullum. Wannan jadawalin kaɗai ya fahimtar da ni abin da dogon bayani bai yi ba, cewa a wurinsu karatu yana da ƙayyadadden lokaci kamar cin abinci. A cikin manhajar na karanta hukuncin Musa bin Maimun, malamin nan haifaffen Ƙurɗuba da ya rasu a Masar a 1204: talaka da mai kuɗi, mai lafiya da majinyaci, saurayi da tsohon da ƙarfinsa ya ƙare, har mai bara ƙofa-ƙofa, kowa sai ya ware wa Attaura lokaci dare da rana. Har yaushe? Ya ce har ranar mutuwa, don da ka daina ka fara mantuwa.

Ban bi inda jama'a suke ba, daga tushe na faro, babin Berakhot. Talmud ba ya yin gabatarwa. Jimlar farko tambaya ce: daga wane lokaci ake karanta addu'ar Shema da yamma? Daga nan sai muhawara, wannan malami ya faɗa, wancan ya ƙi, na uku da ya zo bayan shekara ɗaruruwa ya sasanta su, a ratse zuwa wani labari, a dawo. Talmud kashi biyu ne: Mishna, wato tushen hukunce-hukuncen, da Ibrananci take, Gemara kuwa, wato muhawarar da ake yi a kanta, mafi yawanta da Aramiyanci, a taƙaice matuƙa. Nan ne Sefaria ta biya ni. Tun 2017 suka fara saka fassarar Rabbi Adin Steinsaltz, mutumin da ya shafe shekara 45, daga 1965 zuwa 2010, yana warware Talmud. A Turancin, kalmomin asali suna da kauri, bayanin da aka cike gibi da shi kuma siriri ne. Sai ka ga kalma huɗu sun zama layi uku, ka gane yadda na da suke tsuke magana. Idan ka taɓa jimla, gefe ya buɗe da sharhin Rashi, malamin Troyes ta Faransa da ya rasu a 1105, da na Tosafot, wato malaman da suka biyo bayansa, da ayar da aka kafa hujja da ita. Akwai ƙamus a ciki, kuma ana iya sauke littattafan a karanta ba intanet.

Shawara ɗaya ga mai farawa: kada ka bi kowace mahaɗa. Wani dare na shiga da niyyar minti 30, na farga ƙarfe ɗaya ta wuce ina cikin sharhin sharhi, warƙar ranar kuwa ko rabi ban kai ba. Kuma wanda ba ya jin Turanci ko Ibrananci zai sha wuya, sharhohi da dama suna nan da harshensu na asali.

Berakhot ta ɗauke ni wata biyu, babi na gaba, Shabbat, wata biyar. Sai Eruvin. Ita ce mai maganar iyakokin da ake iya ɗaukar kaya a cikinsu ranar Asabar, ranar hutun Yahudawa, ta fara da mashigar lungu wadda tsayinta ya haura kamu 20. Awo, katako, kusurwa. Na ce bari in huta kwana biyu, sai na samu sarari. Kwana biyun nan suka zama wata uku. Abin dariyar, na riga na karanta gargaɗin Hillel, ɗaya daga cikin manyan malamansu na da, a cikin manhajar: kada ka ce sai na samu sarari zan yi karatu, wataƙila ba za ka samu ba.

Laifin nawa ne, amma na gano dalili. Su ba su cika karatun nan su kaɗai ba. Suna da havruta, abokin karatu da za ku zauna ku yi ta musu a kan jimla ɗaya, ko ajin asuba kafin a tafi aiki, inda za a lura in kujerarka ba kowa. Waya ba ta cigiyar mutum. Duk wanda zai ɗauki Sefaria da gaske, ya nemi wanda zai riƙa tambayarsa ina ya kwana.

In sun kammala babi, akwai kalmomin da suke karantawa, Hadran, suna ce wa babin za mu dawo gare ka. Ni dai makon jiya na sake buɗe Eruvin daga warƙa ta 2, don a bugun Talmud babu warƙa ta 1. Yau ina ta 9, kuma har yanzu muna bakin lungun nan ana awo.