Kafin ka zaɓi wasan harbi, tambayi kunnenka

Mai neman wasan harbi na taron jama'a yakan tsaya kan kyan hoto da yawan bindigogi, sai ya kashe kuɗi da data sannan ya gane sautin bai yi masa ba. Ni dai ina ganin da kunne ya kamata a fara, domin a irin wasan nan abin da ke gabanka kaɗai kake gani, na bayanka kuwa sai dai ka ji shi.

Counter-Strike 2 na kamfanin Valve, wanda ya fito a Satumbar 2023, kyauta ne, kuma kiɗansa kaɗan ne da gangan. Da an fara zagaye sai tsit, daga takun sawu sai ƙarar sauya harsashi. Amma akwai ɗan kiɗan da bai kamata ka kashe ba. A wasan, ƙungiya ɗaya ke dasa bam, ɗayar kuma ta yi ƙoƙarin kwance shi; bam ɗin yana ɗaukar daƙiƙa 40 kafin ya tashi, kuma idan saura 10 wani kiɗa na daban ke shigowa. Kwance bam daƙiƙa 10 ne ga wanda bai sayi kayan kwancewa ba, 5 ga wanda ya saya. Kenan da ka ji kiɗan nan hannunka wayam, ka gudu ka tsira da bindigarka. Ana sayar da wasu kaɗe-kaɗen daban a cikin wasan, sai dai ado ne kawai, kada ka fara kashe kuɗinka a can.

Valorant na Riot Games (2020) ɗan uwansa ne, shi ma kyauta. Sautinsa tsaf yake, har da'ira yake zana maka a ƙaramar taswira ya nuna iyakar inda ake jiyo takunka. Ga sabon shiga wannan gata ne, amma ban taɓa jin tsigar jikina ta tashi a cikinsa ba.

Idan abin da kake so shi ne kiɗa ya ɗauke ka, nemi Battlefield 1 na DICE, na shekarar 2016, wanda aka gina kan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Johan Söderqvist da Patrik Andrén ne suka tsara kiɗan, kuma idan wasa ya kusa ƙarewa sai ya riƙa kumbura yana haɗuwa da rugugin igwa da ihun sojoji, mutum 64 a fili ɗaya. A nan ba za ka tsinci takun kowa ba, hayaniyar ita ce daɗin. Na kuɗi ne, amma ana yawan karya farashinsa a Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, don haka yi haƙuri ka jira.

Wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne Hunt: Showdown na Crytek, da ya fito a 2019 aka ƙara masa 1896 a sunansa a 2024. Fadamun jihar Luwiziyana ta Amurka ne a ƙarshen ƙarni na 19, kuma da ka shiga fili babu kiɗa sam. Hankaki na zaune a kan hanya, ka matso su tashi da kuka su tona maka asiri. Karnuka a keji, kaji a akurki, doki kwance da rauni yana haniniya, fasasshen gilashi a ƙasa, ƙofa mai ƙara: kowanne tarko ne. Harbi ɗaya daga nesa ya isa gwani ya faɗi irin bindigar da kuma ɓangaren da take. Kakan yi minti biyu a tsugune cikin ciyawa kana kasa kunne, zuciya na dukan uku-uku. Matsalarsa biyu: na kuɗi ne, kuma yana son kwamfuta mai ƙarfi.

Mai waya kaɗai, Call of Duty: Mobile (2019) zai wadatar da shi, muddin ya rage kiɗan ya ɗaga sautin taku.

Kowanne ka ɗauka, ware kuɗin hedifon mai waya. Na Bluetooth yana jinkirta sauti, sai an harbe ka takun zai iso. Idan janareto na ruri a bayan taga, ɗauki mai rufe kunne ruf, ko iyafis mai robar da ke toshe kunne, ka kuma tabbatar na dama yana dama, na hagu yana hagu kafin ka shiga fili.