Tantance 'yan fansho ta waya: na yaba, sai da wata ya mutu

Duk mai tsoho ɗan fansho a gida ya san wahalar lokacin tantancewa. A da sammako muke yi da Baba zuwa tashar Kwangila a nan Zariya, mu hau motar Kaduna, tafiyar kusan kilomita 80, a wuni a layi da dattawa, wani da sanda, wani jikoki sun riƙo shi, don kawai a shaida suna da rai. Da aka ce bana ta waya za a yi, taɓe baki na yi.

Wallahi sun ba ni mamaki. Baba na zaune kan tabarma a tsakar gidanmu a Tudun Wada, na shigar da lambarsa ta fansho da ta asusun banki, aka ce ya cire hula ya kalli kyamara, shi ke nan. Shi kansa bai yarda ba. "Kai, ka tabbata sun gan ni kuwa?" Na ce, "Baba, sun gan ku, ga saƙo ma sun turo." Babu kuɗin mota, babu na goron masinja. Ranar har wa'azi na yi wa 'yan majalisarmu cewa gwamnati ta kama hanya, tunda ko biyan kuɗi a ma'aikatun tarayya, tun da aka koma asusun bai-ɗaya na TSA a 2015, lambar Remita kake cirowa ka biya, ba ka danƙa wa akawu kuɗi a hannu.

Sai wata ya mutu, alat shiru.

Da muka je ofishin, wanda ba zan kama sunansa ba, aka ce ranar haihuwar Baba ce ba ta zo ɗaya ba. Ta BVN, lambar shaida ta banki da aka fara yi a 2014, daban. Ta NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa, daban. Ta fayil ɗinsa na aiki ma daban. To mutanen zamaninsu wa ya yanka musu takardar haihuwa? Kowane magatakarda ya dubi fuska ya ƙiyasta. Wannan ban ga laifin kowa ba. Abin da ya ƙona min rai, me ya hana manhajar ta faɗa mana tun ranar? Ta karɓa, ta ce an kammala, ta bar tsoho yana ƙirga kwanaki da bashin mai magani a wuyansa.

Ofishin kuwa, kwamfutoci na nan a jere an lulluɓe su da ƙyalle saboda ƙura. Babu wuta, janareta babu mai. Da wuta ta zo, babu netwok. Da netwok ya zo, na'urar ta ƙi karanta babban yatsan Baba, alli da fartanya sun shafe zanen. Ma'aikacin, yaro mai ladabi, ba zan ci haƙƙinsa ba, ya ce, "Baba, ku ɗan shafa yatsan a goshinku, ya samu maiƙo." Aka shafa, aka danna, aka sake dannawa, da ƙyar ta kama.

Ina cewa an gama, sai ga shi ya miƙo jerin abin da za mu kawo: fotokwafin takardar NIN, na BVN, takardar rantsuwa daga kotu, hotuna, duk a cikin fayil mai igiya. Bayanan da ke cikin kwamfutar da ke gabansa! Ya rage murya ya ce tasu ba ta magana da ta banki, kuma oga sai ya ga takarda yake sa hannu. 'Yan kafe da masu fotokwafi na bakin ƙofa su ne suka ci ribar zamanin nan, kowane shafi da farashinsa.

Ba zan ce a koma layin Kaduna ba, Allah ya kiyaye. Maƙwabcinmu da takardunsa suka zo ɗaya ko ƙofar gida bai taka ba, kuɗinsa ya shigo. Amma kafin ka ɗora fuskar tsohonka a kyamara, zauna ka gwada ranar haihuwa da jerin sunayensa a kowace takarda. An dai ci gaba da biyan Baba yanzu. Na watannin da aka riƙe kuwa, duk zuwan da na yi amsar ɗaya ce: suna cikin sistem.