Hattara da mai tallar kayan Fijo 504 "sabo dal a kwali"

Assalamu alaikum. Wannan saƙo na masu tayar da tsofaffin motoci ne a gida, musamman masu Fijo 504. Akwai wani mutum da ke yawo a Facebook da WhatsApp yana tallar kayan inji, yana cewa sababbi ne dal a kwalinsu, ragowar wani tsohon sito da aka buɗe bayan rasuwar mai shi. Ya cuce ni, kuma da na fara ba da labari sai na gamu da mutum biyu da ya yi wa irin haka da wani suna daban. Ba zan kama suna ba, domin wanda ya ba ni ma ba nasa ba ne. Suna da lambar waya yana canza su kamar riga, amma salon aikinsa ɗaya ne, shi zan bayyana.

Motar ta mahaifinmu ce, Allah Ya jiƙansa. Haɗin Kaduna ce, daga masana'antar da ta fara harhaɗa Fijo a 1975. Ta yi shekara tara a rumfa ba a tashe ta ba, har na ƙudura in gyara ta da hannuna, Asabar da Lahadi, wani dattijon bakanike na unguwarmu yana leƙowa yana nuna mini hanya. Da muka buɗe inji sai muka tarar ruwa ya kwanta a silinda biyu, tsatsa ta cinye su. Wanda ya san 504 ya san silindarta silif ne da ake zarewa a saka wani, ruwan lagireto yana zagaya shi kai tsaye. Don haka abin da nake nema shi ne saiti guda: silif huɗu, fistin huɗu da ringinsu. Kabretar ma, Solex ce, sandar maƙogwaronta ta ci har tana shan iska ta gefe.

Na yi cigiya a wani zaure na masu tsofaffin motoci. Kafin magariba ya biyo ni ta akwatin saƙo da hotuna: kwalaye masu tambarin zaki, an jera su a kan shuɗiyar tamfol. Tambayarsa ta farko ita ce ta kama ni. Ya ce, "Alhaji, injin naka 1.8 ne ko 2.0? Kada in turo maka wanda ba zai shiga ba." Na ce a raina wannan ya san sana'arsa. Farashin da ya yanka bai kai na kasuwa ba, amma bai yi arahar da za ta sa mutum ya ja baya ba. Ya ƙara da cewa saiti ɗaya ya rage, kuma wani daga Maraɗi yana kan hanya. Ya ce in tura rabin kuɗi, in kaya ya iso hannuna in cika.

Sunan da ke kan asusun bankin ya sha bamban da nasa. Na tambaya, ya ce na ƙaninsa ne mai POS. Na tura. Washegari ya aiko hoton kwali a tasha, an rubuta sunana da lambata a jiki. Kwana biyu bayan haka wani ya kira ya ce shi ne direba, ya shigo gari, amma an umarce shi kada ya saki kaya sai mai kaya ya ga cikon kuɗinsa. Yanzu na tabbata bakinsu ɗaya. Na cika, ya ce in je wajen wani mai shayi a bakin tasha in karɓa. Direban dai ban sa shi a ido ba.

A gaban dattijon nan na buɗe kwalin. Bai ce komai ba, sai ya ɗauki silif ɗaya ya zura yatsa ciki, ya ja farcensa zuwa sama. Farcen ya maƙale a wata 'yar gaɓa kusa da baki. Ya ce, "Ɗana, wannan ya yi aiki ya gaji." Gaɓar nan ita ce iyakar inda ringi ke kaiwa ya dawo, shekara da shekaru yana cin ƙarfen da ke ƙasa ya bar na sama. Sabon silif ba ya da ita. An goge cikin da samfefa don ya yi kama da zanen masana'anta, an shafa masa girisi, an naɗe a takarda mai maiƙo. Da muka sa ma'auni kuma, faɗin ramin milimita 84 ne. Wannan na injin 1796 cc ne. Nawa 1971 cc ne, raminsa milimita 88. Wato mutumin da ya tambaye ni 1.8 ko 2.0 bai ko damu da amsar ba, tambayar ƙugiya ce kawai. Fistin ɗin an wanke kansu fes, amma ramukan ringi cike suke da baƙin gawayi.

Kabretar da ya aiko ta fi ɓata mini rai. An fesa mata fentin azurfa, alhali daga masana'anta ba a yi wa jikin kabreta fenti, launin ƙarfenta ne kawai. Kawunan sukurorin duk sukundireba ta tauna su. Sandar maƙogwaro tana girgiɗi fiye da tawa da nake son canzawa. Muka kwance murfin, muka girgiza fulot ɗin, wato abin da ke iyo a kan fetur a cikin kabreta, a kunne, sai ga motsin tsohon fetur a cikinsa, alamar ya huje. Fulot ɗin da ya huje nutsewa yake, allurar da ke tsayar da mai ba za ta rufe ba, fetur ya yi ta ambaliya a kan inji mai zafi. Da na ɗaura ta ban duba ba, a cikin gida, inda yara ke wasa kusa da rumfar, Allah kaɗai Ya san abin da zai faru. Wannan ne ya hana ni yin shiru, ya fi mini ciwo a kan kuɗin.

Na kira shi. Ya yi ta salati, ya ce yaronsa ne ya haɗa kwali ba daidai ba, in tura kuɗin mota zai aiko da na gaskiyar, in mayar da wannan daga baya. Na ƙi. Kafin la'asar ya toshe ni, shafin ma ya ɓace. Ɗaya daga cikin mutanen biyu da na ambata ya tura wannan kuɗin motar, har yau shiru.

Ku lura da dabararsa: ba ya karɓar kuɗi ya gudu haka kawai, sai ya aiko da wani abu. Idan ka kai ƙara, maganar sai ta koma kamar saɓanin ciniki, an sayar an kawo, mai saye ne bai gamsu ba. Shi ya sa duk wanda abin ya faɗa wa ya ajiye hotunan tallar da hirarsu da shaidar tura kuɗi, ya ɗauki bidiyo lokacin buɗe kwali, ya sanar da bankinsa a ranar, sannan ya kai wa 'yan sanda ko EFCC. Ni na yi jinkirin kwana huɗu ina fatan ya gyara, kafin nan an kwashe kuɗin daga asusun.

Maganar "saiti ɗaya ya rage" ma ƙarya ce. An ci gaba da haɗa 504 a Kaduna har cikin shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da dainawa, kuma ta yi tasi da jigila a ƙasar nan da Nijar ba iyaka. Kayanta ba su ƙare ba. Ka ɗauki tsohon naka a hannu ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna tare da wanda ya san Fijo, a aza sabo kusa da tsoho, a auna a gabanka. In dole sai daga nesa, a yi kiran bidiyo, mai kaya ya rubuta sunanka da kwanan wata a takarda ya ajiye kusa da kayan, ya sa ma'auni a ramin silif kana kallo. Wanda ke da kaya a hannu ba zai ƙi ba. Kuma kada kuɗi ya shiga asusun da sunansa ba na mai sayarwa ba ne.

Akwai kuma robobin birki da yake tallatawa. Ko da gaske tsohon ajiya ne da ba a taɓa amfani da shi ba, robar da ta yi shekara talatin a sito ta bushe, tana iya tsagewa idan an taka birki da ƙarfi. Kada ku sayi irin wannan tsohon ajiyar a wajen kowa.

Makon jiya wani aboki ya turo mini wata sabuwar talla, sunan mai shafin daban, lambar waya daban, wannan karon kayan tsohuwar Marsandi da Volkswagen ake cewa an samo a sito. Kwalayen suna jere a kan shuɗiyar tamfol ɗin nan, mai yagewa a kusurwar hagu. Duk wanda ya ga hoton ya sanar da masu kula da zauren da ya gan shi, kuma don Allah a tura wannan saƙo ga duk wanda kuka san yana da tsohuwar mota a kan duwatsu a gida.