Darasin yamma kan sa ido a kan mahukunta: bitar wata cibiyar karatu a Yamai

Cibiyar tana shirya matasa ga jarrabawar shiga aikin gwamnati, kuma darasinta kan tarihin sa ido a kan ma'aikata ya cancanci jika biyar ɗin da ake biya, ko da yake yana da giɓi babba.

Ƙarfinsa yana wurin zamanin Nasara. Mushen ya bayyana cewa Faransa tana da sufetocin da ke zagaya ƙasashen da ta mallaka, suna duba littattafan kuɗi da ayyukan kwamandoji, amma rahotonsu ga minista a Paris yake zuwa, kuma ba su da ikon ba da umarni a wurin da suka ga ɓarna. Talakan da kwamanda ya tsare kwana 15 ba tare da shari'a ba, kamar yadda dokar lokacin ta yarda har zuwa 1946, ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Mushen ya daɗe a kan shekarar 1899, lokacin da labarin ta'asar ayarin sojan Faransa da hafsoshi Voulet da Chanoine suka jagoranta ya kai Paris, aka turo Kanar Klobb ya bincika, ya bi sawunsu ta garuruwan da suka ƙone, har da Birnin Konni, sai Voulet ya sa aka harbe shi kusa da Tasawa ranar 14 ga Yuli. Allon ya cika da taswirar hanyar, ɗalibai suna ta kwafewa, ba wanda ya kula da fankar da ta tsaya.

Kwatancen da ya yi da Hong Kong, inda Ingila ta kafa ofishin karɓar koke kan ma'aikata a 1989, shekara takwas kafin ta miƙa yankin ga Sin, ya dace, domin ya nuna yadda masu mulkin mallaka suka makara wajen ba ɗan ƙasa wannan dama.

Giɓin shi ne Nijar ta bayan 1960. Ofishin Mai Shiga Tsakani na Jamhuriya, wato na karɓar koken jama'a kan ma'aikatun gwamnati, wanda tsohon firaminista Cheiffou Amadou ya taɓa riƙewa, a gurguje aka ambace shi, alhali nan ne mai neman aikin gwamnati ya fi buƙatar bayani. Takardun da ake rabawa ma tawadarsu ta koɗe, wasu layuka sai an kai su bakin taga kafin su karantu. Wanda zai yi rajista ya tanadi littafinsa na rubutu, ya kuma nemi bayanin wannan sashe a wani wuri.