Na je ƙauyen Maasai da raini, wata tsohuwa ta ba ni kunya

Jama'a shekarata huɗu a Nairobi ina buga-bugata amma ban taɓa leƙa ƙauyen makiyayan nan 'yan ƙabilar Maasai ba sai satin da ya wuce, wani abokin aikina ya ja ni gidansu can gaba da garin Narok, hanyar gandun dajin Maasai Mara. Kwalta na ƙarewa sai ƙura da gargada, kafin mu isa bayana duk ya riƙe.

Gidan a zagaye yake da shingen ƙaya, shanu a tsakiya suke kwana saboda zaki da kura, ɗakuna kuma a gefe-gefe. Maza ke yin shingen, ɗaki kuwa mace ce ke gina abinta, ta kafa sanduna ta saƙa su ta yaɓe da laka da kashin shanu har rufin, enkaji suke ce masa. Ƙofar gajera ce, ni kuma da girman kai ban sunkuya sosai ba, ji kake ƙum, hulata ta faɗi ƙasa yara suka kwashe da dariya. Ciki duhu ne, tagar ba ta wuce tafin hannu ba, hayaƙin murhu ya cika min ido da hawaye, ga ɗan maraƙi kwance a lungu yana kallona. Amma wallahi babu warin da na zata, kuma da sanyinsa, ba irin ɗakunan kwanon da muka rushe na ƙasa muka gina muna gasuwa a ciki ba. Aka miƙo min kindirmo daga wata doguwar gora mai ƙamshin hayaƙi, ina kurɓa sai kewar gida ta kama ni, na ce kai ina ma da fura.

To ga inda aka yi min. Mahaifiyar abokin nawa tana saƙa abin wuya na duwatsu, na zaɓi biyu zan aika wa uwargida, na laluba aljihu babu canji, na fara kame-kame zan bayar a kawo mata daga baya. Tsohuwa ta sa hannu cikin mayafinta ta zaro ƙaramar waya irin rakani-kashi ta ce M-Pesa, wato in tura mata kuɗin ta waya. Na tura, ban ma mayar da wayata aljihu ba tata ta yi ƙara, ta miƙa wa jikarta ta karanta mata, shikenan ciniki ya faɗa. Tun 2007 suke wannan harka a Kenya, mai babur, mai tumatir, kowa.

Ni da na zo gida hutun sallah na tura wa mai nama kuɗi, an cire a wajena shi bai gani ba, ya riƙe ni a rumfarsa kusan awa ɗaya kamar ɓarawo, na yi sati biyu ina zirga-zirga a banki ana ce min ka dawo gobe Alhaji, ga mai POS da nasa cajin a gefe. A birni fa, gidan sama da janareta. Ita kuwa tsohuwa wani ɗan faifan sola ne da bai kai faranti girma ba a kan rufin kashin shanun nan, da shi take cajin wayarta.