Cibiyar masaƙan Kusko: kar ka sayi komai a kasuwa sai ka fara leƙa nan

Aiki ne ya kai ni Peru, kwana uku kawai na yi a Kusko kuma ranar farko a kwance na yi ta, garin yana kan tudu wajen mita 3,400, hawa bene ɗaya sai ka ji kamar ka yi tsere da doki. Ranar ta biyu na lallaɓa kasuwa na sayi wani bargo, mai shagon ya rantse min da duk abin da yake bautawa cewa gashin alpaka ne zalla (wata dabbarsu ce mai kama da ƙaramin raƙumi mara tozo), ni kuma na biya ina murna na yi ciniki. Sai da yamma wata abokiyar aiki ta ce min malam je ka Centro de Textiles Tradicionales del Cusco, wato cibiyar saƙar gargajiya ta Kusko, ka gani, yana nan kan titin Avenida El Sol kusa da Korikanca, tsohon ɗakin bautar rana na daular Inka. To a can ne na gane roba na saya.

Wurin kashi biyu ne, gidan tarihi ɗan ƙarami da kuma shago. Wata masaƙiya 'yar garin Chinchero, Nilda Callañaupa Alvarez, ita da wasu suka kafa cibiyar a 1996, lokacin da saƙar gargajiyar Kechuwa, 'yan asalin yankin, ta fara mutuwa saboda zaren kanti da rinin kemikal sun cika gari, yara kuma ba sa koyo. Yanzu suna aiki da ƙauyuka 10, irin su Chinchero da Pitumarca da Chahuaytire, kuma kowane ƙauye da nasa zanen, wanda ya sani daga nesa zai gaya maka daga ina mace ta fito.

Gidan tarihin ba girma gare shi ba, minti talatin ka gama idan gaggawa kake. Akwai lliklla, mayafin da mata ke yafawa ko su goya yaro, akwai chumpi wato ɗamara, da ponco, mayafin maza mai ramin zura kai a tsakiya, da hulunan nan masu rufe kunne. Amma gsky abin da ya tsayar da ni ba na cikin gilashi ba ne, mutanen da ke zaune a ƙasa suna saƙa ne. Wata dattijuwa ta ɗaure bakin masaƙar a jikin ginshiƙi, ɗaya bakin kuma da ɗamara a ƙugunta, in ta jingina baya zaren ya miƙe in ta sunkuyo ya saki, jikinta ne injin kenan. Tana tsintar zare ɗaya bayan ɗaya da wani ɗan ƙashi mai tsini na lama, 'yar uwar alpaka, babu takarda babu hoto a gabanta, lissafin duk a ka yake kuma tana hira da ta kusa da ita ko kallon hannun ba ta yi. Na tsaya kusan rabin awa, abin da ta ƙara bai kai faɗin yatsa biyu ba. Wata kuma na gefe tana kaɗi da mazari, wlh sak irin na kakata, har yadda take murza shi.

Jan launin nan da ke ɗaukar ido daga wani ɗan ƙwaro ake samunsa, kochiniya, da ke maƙalewa a jikin kaktus, wani tsiro mai ƙaya, a busar a niƙa, in an ɗiga lemon tsami sai ya koma ruwan lemo. Shuɗin kuwa baba ne, duk wanda ya taɓa zuwa marinar Ƙofar Mata ba sai an yi masa bayani ba.

Shagon fa akwai tsada, kar in ɓoye muku, kuma ba wurin "nawa za ka rage min" ba ne. Na ɗauki wani mayafi na duba farashi na ajiye a hankali kamar ƙwai. Amma kowane kaya da 'yar takarda a jiki mai sunan wanda ya saƙa da ƙauyensu, kuma bayan na ga yadda dattijuwar nan ke fama da faɗin yatsa biyu sai kunya ta hana ni ƙorafi. Ka juya bayan mayafin ka ga zanen ya fito tsaf ta can ma, bakinsa huɗu a gama suke daga kan masaƙa ba a sa almakashi ba, ga nauyi, ga sanyi in ka ɗora hannu, nawa na kasuwa kuwa sai ƙyalli da tartsatsin wuta in ka goga.

Na ƙare da chumpi ɗaya da ƙaramin lliklla na hajiyata, kuɗin tsarabar yara duk ya tafi a nan, su dai sun samu cakulan a filin jirgi. Bargon robar kuma yana bayan mota ana shimfiɗa wa kaya.