Sayen gidan ruwan leda da yake aiki, ko kafa sabo daga tushe: amsa ga ɗan'uwanmu ma'aikacin banki

Ɗan'uwanmu da yake aikin banki a Kano ya kawo tambaya a zauren nan. Ya ce aikin ofis ya ishe shi, ya tara abin da Allah ya hore masa, kuma dillali ya kai shi wani gidan ruwan leda a wajajen Dakata da ake son sayarwa, da injina biyu, da rijiyar burtsatse, da janareto, da mota ɗaya, da lambar NAFDAC. Yana son ya ji shawara: ya ajiye aiki ya sayi wannan, ko ya nemi wuri ya kafa nasa sabo fil da kuɗin?

Ɗan'uwa, ni a ganina, ga mutumin da gidansa ya saba da albashin ƙarshen wata, saye ya fi kafawa. Amma sai idan ka tabbatar masu sayen ruwan za su zauna bayan mai gidan ya tafi. Su ne kasuwancin. Inji kuwa duk mai kuɗi zai iya sayo shi.

Mu fara da lokaci, don shi ne zai fi matsa maka. In sabo za ka kafa, akwai haƙa rijiya da gwajin ruwanta, akwai gini yadda NAFDAC take so, ɗakin sarrafawa daban, ɗakin ajiya daban, sannan rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, sannan a zo duba wurin, sannan jiran lamba. Watanni ne za su shuɗe kuɗi na fita, ko sisi bai shigo ba. A daidai lokacin albashi ya tsaya, inshorar asibitin iyali ta tsaya, kashi 10 cikin 100 da banki yake zuba maka a asusun fansho shi ma ya tsaya. Kada ka sa kuɗin fanshon a lissafin jari. Dokar fansho ta 2014 ta ce wanda bai kai shekara 50 ba, sai ya yi wata 4 bai samu wani aikin ba kafin ya nemi cirewa, kuma ba zai wuce kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusun ba. In kana da bashin ma'aikata a wuyanka, je ka karanta sharuɗɗansa tun yanzu, don a wurare da dama rangwamen yana ƙarewa ne ranar da ka bar aiki. Wanda ya sayi gidan da yake aiki, ranar da ya karɓi makulli mota za ta fita da kaya ta dawo da kuɗi. A nan saye ya yi wa kafawa nisa ƙwarai.

Ta fuskar tsada, abin bai fito fili haka ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka saki naira a watan Yuni, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabi, kuma yawancin injinan nan daga Chana suke zuwa. Mai kafa sabo zai saya da dalar yau. Mai tsohon gida ya saya da dalar da, amma ya san da haka, zai kuma sa a farashinsa. Bashin banki ba sai na faɗa maka ba, kai ka fi ni sani: ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Banki ya kai kashi 27.5 cikin 100 a ƙarshen 2024, ribar ruwan leda kuwa ƴar kaɗan ce a kan kowace jaka. In ta bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa za ka bi, irin su Jaiz da TAJBank, tsarin murabaha ya fi dacewa da mai sayen sabon inji ko mota, don kaya ne da za su saya su sayar maka. Sunan gida da kwastomominsa kuwa ba sa shiga wannan tsarin cikin sauƙi, alhali su ne suke ƙara wa tsohon gida kuɗi.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya sosai. A sana'ar ruwan leda, wanda ya san masu kanti, da masu shayi, da gidajen abinci, da ƴan sari masu firiji, shi ne direba da yaran motarsa. Su suka san wanda ake sauke wa a biya nan take, da wanda ake bari sai ya sayar. Mai sabon gida sai ya kutsa cikin layukan da wasu suka riga suka kama, ya rage farashi, ya ba da bashi, ya jure a ce masa ba a san ruwansa ba. Wannan wahalar ce kake biyan kuɗi don ka tsallake in ka sayi tsohon gida. To amma a hannun wa layin yake? In a hannun direba yake, ranar da wani gidan ya ƙara masa kwamisho zai tafi da rabin cinikinka. In kuma mutuncin Alhaji mai gidan ne ya riƙe mutane, surukai da abokan masallaci da waɗanda ya taimaka wa, to ba za su biyo ka don ka sayi inji ba. Ba a gane wannan a takarda. Ka shiga motar da asuba, ka bi su shago-shago kwana da kwanaki, ka riƙa rubuta jaka nawa aka sauke, nawa aka biya, nawa aka bari bashi. Ka kuma sa a yarjejeniya cewa mai sayarwa ba zai buɗe wani gidan ruwan a yankin ba har zuwa wani wa'adi.

Aikinka ya koya maka karanta takardar shige da ficen kuɗi, amma sana'ar nan tsabar kuɗi ta fi yawa a cikinta, kuma littafin ciniki ana iya rubuta sabo a dare ɗaya. Abin da ba ya ƙarya shi ne leda. Da kilo ake sayen naɗinta, kuma kowane mai tuƙa inji ya san jaka nawa kilo ɗaya yake fitarwa, kowace jaka guda 20. Ka nemi rasit ɗin leda na shekara guda cur, ka je wurin mai kawo musu ka tabbatar, ka gwada kilo ɗaya a gabanka, sai ka lissafa. Ka haɗa da kuɗin man janareto da takardun wuta. Na ce shekara guda ne saboda ruwa yana da kaka: a bazara da azumi ba ya kwana, da hunturu da damina kuwa ciniki yana ja baya sosai. Wanda ya kai ka kallo a watan Afrilu ya nuna maka wata mafi kyau. Amfanin zuwa a Afrilun dai shi ne a lokacin za ka ga ko rijiyar tana janyewa da rani, kuma ka ɗebi ruwan da kanka ka kai ɗakin gwaji. Ka tambayi rukunin wutar lantarki da gidan yake, don a Afrilun 2024 an mayar da kuɗin wutar Band A naira 225 a kan kowane yunit, lissafin gidaje da yawa ya canja daga nan.

Inda sabon gida ya yi nasara ba tare da gardama ba shi ne tsabta daga rikici. Ba ka gaji bashin kowa ba, ba ka gaji ma'aikacin da ya saba karkatar da jaka goma a hanya ba, kai ka zaɓi wurin, kai ka zaɓi girman da za ka iya. Tsohon gida kuwa kamar gonar da ka saya da shuka a ciki ne, har da ƙudujin da ke ƙasa naka ne. Ka fara da duba irin rajistarsa a CAC. In sunan kasuwanci ne kawai, a idon doka shi da mai shi abu ɗaya ne. In kamfani ne mai zaman kansa ka sayi hannun jarinsa, to ka saye shi da dukkan bashinsa: haraji, haƙƙin ma'aikata, kuɗin mai leda, har da ƙarar da ke kotu in akwai. In kadarorin kawai ka saya ka zuba su a naka kamfanin, ka kauce wa yawancin wannan, sai dai lambar NAFDAC da sunan tsohon kamfanin aka ba da ita, kuma a kan wannan wurin, don haka sai an bi ta hukumar kafin ta koma hannunka. Sunan da ke jikin leda ma rajistarsa daban ce da ta CAC. Lauya ne zai zaɓa maka tsakanin hanyoyin nan biyu, ba dillali ba, don dillali la'adarsa tana fitowa ne ranar da aka sallama.

Sai fili. In haya ne, rijiyar da kake biya wa kuɗi a ƙasar wani take, ka zauna da mai filin ku rubuta sabuwar haya mai tsawo kafin komai. In mallaka ce, dokar filaye ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake sauya hannu a filin da ke da takardar mallaka, a Kano kuma KANGIS, hukumar bayanan filaye ta jihar, za ka je a bincika maka ko an jinginar da takardar. In mai gidan ya rasu ne magada suke sayarwa, kada ka ba da ko kafin alƙalami sai ka ga an raba gado kowa ya sa hannu, mata da marayu a ciki. Wannan ya wuce batun kotu, haƙƙi ne.

Abu ɗaya da saye da kafawa suka yi tarayya a kai: babu sashen shari'a, babu mai gyaran kwamfuta, babu manajan da za ka tura wa matsala. In famfo ya ƙone da daddare kai za a kira. Ka yi magana da iyalinka tun kafin ka yi da dillali.

Da ni ne kai, ba zan rubuta takardar ajiye aiki yanzu ba. Zan ɗauki hutun shekara in ƙare shi a cikin gidan ruwan da cikin motar. In lissafin leda ya yi daidai da abin da aka faɗa, sai a yi ciniki a kan biya kashi-kashi, wani kaso a hannu, sauran a cikin watanni, mai gidan ya zauna ya gabatar da kai ga manyan kwastomominsa ɗaya bayan ɗaya. A rubuta komai da shaidu, kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta umarta a kan bashi. Kada kuɗin saye ya cinye duk abin hannunka. Ka ware na leda da mai da albashin yara, ka ware na cefanen gida na watanni, a asusu daban. In mai gidan ya ƙi nuna rasit, ko ya ƙi a biya shi kashi-kashi, ko ya hana ka shiga mota, ka bar cinikin. A nan ne kafa sabo zai fi, da inji ɗaya, kana kan aikinka in sharuɗɗan bankinku sun yarda, har lamba ta fito.